Sitiyarin Triumph ɗin kakanmu yana wasa: a gyara akwatin ko a ɗaura rak?

Jikan Mai Gyaɗa:
Assalamu alaikum jama'ar gida. Shawarar manya nake nema. Akwai wata tsohuwar mota da muka gada, Triumph TR3A ƙirar 1959, 'yar kujera biyu mai buɗaɗɗen sama. Kakanmu ya saye ta a hannun wani Bature lokacin yana awon gyaɗa a tashar jirgin Ringim, tun daga nan take gidanmu a ƙauye. Bana muka tashe ta. An wanke tanki, birki ya kama, inji bugu ɗaya yake tashi. Sitiyari ne ya tsaya mana a wuya. Sai ka juya shi kusan faɗin tafin hannu tayoyin ba su motsa ba, amma in za ka murɗa shi tana tsaye sai ka haɗa da ƙarfin kafaɗa. A kan kwalta kuma yawo take, dama da hagu, kullum kana taro ta. Wani bakanike ya ce a cire akwatin sitiyarin a yar, ya ɗaura mini rak ɗin Golf, wato dogon ƙarfen nan mai haƙora da ke karkata tayoyi. Wani ya ce sukurun da ke saman akwatin kawai za a ɗaure. Wanne zan bi?

Oga Walda Gujungu:
Wa alaikumus salam. Ƙanena, bi na farko. Akwatin da ya haura shekara 60 me ya rage a cikinsa? Su kansu masu motar da suka fito da TR4 a 1961 rak suka sa mata, sun bar akwati. Kawo ta nan, in yanka in haɗa maka, ka koma gida kana tuƙi da yatsa biyu.

Ɗan Auta:
Yaya, ni dai in an gama gyara a ba ni aro ranar ɗaurin aurena. Ko da wasan sitiyarin ma zan karɓa, amarya ta riƙe gefe ɗaya.

Baba Direba:
Yaro, kafin komai kar ka bari kowa ya taɓa sukurun nan tukuna. Na yi tuƙin Landuroba da Marsandi shekaru masu yawa, duk masu akwati ne, na kuma ga yadda yaran gareji ke kashe akwati da sufana ɗaya. Su ɗaure har wasan ya ɓace mota na tsaye, mai mota ya ji daɗi ya biya. Ya hau hanya, ya sha kwana, sitiyari ya ƙi dawowa. In ma ya dawo sai ya cije a tsakiya. Wata biyu akwatin ya cinye kansa.

Kuma ka ce wasa da nauyi duka biyu kake ji. Wannan ciwo biyu ne, ba lallai wuri ɗaya suke fitowa ba.

Malamin Fasaha:
Allah ya ƙara wa Baba lafiya, maganarsa ce daidai. Bari in faɗi abin da ke cikin akwatin, don kowa ya san a kan me ake gardama.

A ƙarshen sandar sitiyarin akwai dunƙulen ƙarfe mai kwarmi a murɗe, yana zaune tsakanin boris biyu, sama da ƙasa. Gefensa akwai wani shaft mai ɗan hannu, a bakin hannun an dasa fin mai tsini-tsini, shi ne yake shiga cikin kwarmin. In ka juya sitiyari, kwarmin ya ja fin ɗin gaba ko baya, shaft ya juya, hannun da ke ƙasan akwatin ya tura tayarod, ƙarfen da ke karkata taya. Shi ke nan, babu famfo, babu bel.

Abin da yawancin mutane ba su sani ba: da gangan aka yanka kwarmin ya fi matsewa a tsakiya, daidai inda tayoyi ke kallon gaba, ya kuma saki a gefe da gefe. Dalili, tsakiyar ce ke shan aiki, ita ke fara cinyewa, sai a bar mata abin da za a riƙa matsowa. Saboda haka wasan da ka ji bayan ka karkatar da sitiyari zuwa ƙarshe ba lalacewa ba ce, haka aka ƙera shi. Wanda ya ɗaure sukurun alhali sitiyari na karkace, to idan fin ya iso tsakiya zai cije. Wannan ne abin da Baba ya gani.

Sannan sukurun sama ba shi ne farkon gyara ba. Akwai shim, siraran faranti, a ƙarƙashin murfin gaban akwatin. Su ne ke hana dunƙulen nan zamewa sama da ƙasa tsakanin boris ɗinsa. In wannan wasan yana nan, ko ka ɗaure sukuru har ya karye ba zai tafi ba.

Oga Walda Gujungu:
Malam, duk wannan karatun na makaranta ne. Mu da ke bakin titi mun san mai mota so yake ya hau ya tafi. Fijo 404 da 504 duk rak ne, sun yi shekaru suna ɗaukar buhunan gero daga Maigatari ranar Alhamis, wa ya ji sun yi kuka? Rak ya fi akwati, ko Malam zai musa?

Malamin Fasaha:
Ban musa ba, Oga. Rak ya fi sauƙin gaɓoɓi, ya fi jin hannu. Amma rak ɗin 504 an auna shi ne da ƙafar 504. Tambayata ɗaya: rak ɗin Golf a bayan layin tayoyin gaba yake zama ko a gabansu?

Oga Walda Gujungu:
A baya mana.

Malamin Fasaha:
To na Triumph ɗin nan duk kayan sitiyarinta a gaba suke, hannayen da ke jikin ƙafa gaba suke kallo. Ka ɗauko rak ɗin da aka yi don baya ka ɗaura a gaba yadda yake, ka murɗa dama mota ta tafi hagu.

Ɗan Auta:
Innalillahi. To na fasa aron.

Oga Walda Gujungu:
Haba Malam, kai ma ka san ba yau na fara ba. Kifa shi ake yi. Ka kifa rak ɗin mai hannun hagu, ya koma na dama, juyin kuma ya daidaita. Motarsa ai hannun dama ce, ko ba haka ba ƙanena?

Jikan Mai Gyaɗa:
Haka ne Oga, a dama yake. An shigo da ita tun kafin a koma tuƙi ta dama a 1972.

Malamin Fasaha:
Na yarda kifawa na gyara juyi. Amma in ka kifa shi, bakin da sandar sitiyari ke shiga, wanda da yake kallon sama, yanzu ƙasa zai kalla. Ka ce za ka yi dabara da joyin, to mu wuce wannan. Babbar matsalar ita ce tsawo da tsayi.

Ƙafar gaba tana hawa tana sauka ne a kan hannaye biyu, na sama da na ƙasa, kowanne da inda yake lanƙwasa a jikin casis. Tayarod ma hannu ne na uku, dole gaɓarsa ta ciki ta zauna a layi ɗaya da waɗancan, tsawonsa kuma ya dace da nasu. In rak ya fi tsawo, ko ya gaza, ko an ɗaura shi sama ko ƙasa da inda ya kamata ko da da kaurin yatsa ne, to duk sanda taya ta faɗa rami ko ta hau tudu, tayarod zai ja ta ciki ko ya tura ta waje, kai kuwa ba ka taɓa sitiyari ba. A cikin gareji ba za ka gane ba. Mai alaimen ma zai auna ya ce lafiya lau, domin mota a tsaye take. Sai ranar da kake gudu a hanyar Gujungu zuwa Haɗeja, taya ɗaya ta daki gargada, ka ga mota ta yi tsalle ta nufi ɗaya hannun da kanta. Shi kuma wannan bawan Allah a ƙauye yake, burji da rairayi zai fara bi kafin ya ga kwalta.

Baba Direba:
Na taɓa tuƙa wata a-kori-kura da aka yi wa irin wannan aikin. In ba kaya a bayanta lafiya, in aka loda ta gaba ya ɗaga sai ta riƙa cin taya ta ciki, wata ɗaya zare ya fito. Mai ita ya yi ta zagin mai faci.

Ɗan Kofar Ruwa:
Bari in sa baki ta fannin kaya, tunda nan ne abincina. Duk faɗin Kofar Ruwa ba za ka samu akwatin motar nan ba, kar wani ya karɓi kuɗinka ya ce zai nemo. Abin da za ka samu a nan: oyil sil in ka zo da tsohon an auna, man giya, ƙwallayen boris, noti da wasa. Sauran sai Ingila. Alhamdu lillahi har yanzu ana ƙera kayan motocin nan sababbi a can, fin, bushin, shim, har dunƙulen mai kwarmi.

Amma ka kula da abu ɗaya in za ka yi oda. Mafi yawan TR3 Amurka aka kai su, don haka kayan hannun hagu sun fi yawa a intanet. Dunƙulen na hannun dama daban, na hagu daban, murɗinsu ba ɗaya ba ne. In aka aiko maka da na hagu ka yi asarar kuɗin kaya da na jirgi.

Akwai kuma rak da aka yi musamman don TR2 da TR3, da ƙafafunsa da aka auna, ana ɗaure shi da noti. Wannan ba irin na Oga ba ne. Sai dai da fam ake sayensa, ka san yadda canji yake.

Oga Walda Gujungu:
Ka ji ko. Ashe Turawan ma rak suke sawa.

Ɗan Kofar Ruwa:
Suna sawa Oga, amma ba kyauta ba. Inda rak ɗin zai ratsa nan fankar inji take, sai an cire ta an sa fankar lantarki a gaban lagireto. A zafin Afrilu na Jigawa, mota mai dainamo, ka rataya ran injinka a kan fankar lantarki, sai ka yi tunani. Na biyu, hon da sigina na motar nan a tsakiyar sitiyari suke, wayoyinsu ta cikin wani siririn bututu suke bi, ya ratsa sandar tun daga sama ya fito ta ƙasan akwatin. Ka cire akwati, bututun ba shi da mazauni. Sai ka nemi wani wurin ka maƙala makunnin sigina.

Jikan Mai Gyaɗa:
Wallahi wannan abin tsakiyar sitiyarin yana aiki har yanzu, sigina ma da kansa yake komawa. Ba na so a taɓa shi.

Mai Tantan:
Ni ba bakaniken ƙananan motoci ba ne, tantan nake gyarawa. Amma da na ga hoton injin sai na ji kamar na san shi. Kamfanin Standard na Coventry da ya yi wannan motar shi ne ya riƙa ƙera wa Ferguson ƙaramar tantan ɗin nan mai ruwan toka, TE20, kuma injinsu 'yan gida ɗaya ne, duka masu silinda huɗu da ake zare hannun riga a sa sabo. Don haka kar ka ji tsoron motar, aikin ƙarfe ne irin na da.

Tambayata: ka duba mai a akwatin? Kuma yaushe rabon a sa wa ƙafafun gaba giris?

Jikan Mai Gyaɗa:
Gaskiya ba mu duba ba. Ban ma san inda ake zuba masa mai ba.

Mai Tantan:
Bi sandar sitiyarin daga akwati zuwa sama kaɗan, za ka ga rami a jikin bututun da toshiyar roba. Nan ne. Man giya mai lamba 90 ake zubawa, a hankali, domin a hankali yake sauka.

Baba Direba:
Ga abin da za ka yi gobe da safe, ba ka biyan kowa ko kwabo. Ajiye ta a wuri mai tauri, tayoyi a ƙasa suna kallon gaba, kar ka ɗaga ta a jak. Sa yaro ya zauna ya riƙa kaɗa sitiyari kaɗan-kaɗan, iya inda wasan yake. Kai kuma ka kwanta a gaba ka ɗora hannu a kan kowace gaɓa ɗaya bayan ɗaya. Ido na ruɗi, hannu ba ya yi. Fara da hannun da ke fitowa ƙasan akwati: yana motsi tare da sitiyari ko sai daga baya? Yana juyawa ne ko yana girgiza gefe da gefe? Sai ka bi dogon ƙarfen tsakiya zuwa ɗaya gefen, inda ɗaya hannun yake. Sai kawunan tayarod. Ka duba har notin da suka riƙe akwatin a jikin casis.

Bayan nan ka ɗaga gaban duka biyu ka juya sitiyari daga ƙarshe zuwa ƙarshe. In har a sama ma yana da nauyi, to ba taya ba ce, wani abu ne ya bushe.

Injiniya Daga Dutse:
Ni da wata shawarar na zo. Me zai hana a bar akwatin a sa masa sitiyarin lantarki, irin wanda ke jikin sanda a ƙananan motocin yanzu? Ana samunsa na Beljiyam da araha, a ɓoye shi ƙarƙashin dashbod, babu mai gani.

Malamin Fasaha:
Ana yi, Injiniya, amma ba yanzu ba. Motar nan in ba a sauya mata haɗin batir ba, kan batir mai alamar tarawa ne ke jikin bodi, na'urar zamani kuwa akasin haka take so. Dainamon ma ba zai ɗauke ta ba, sai an sa altaneta. Sai an yanka sanda, bututun hon ya sake shiga matsala. Mafi muni, lantarkin nauyi kawai yake ɗauke wa hannunka, wasa yana nan inda yake. Ƙarfin da da hannunka zai ji ya tsaya, yanzu lantarkin zai danna shi a kan fin ɗin da ya riga ya cinye.

Jikan Mai Gyaɗa:
Jama'a na dawo, na yi yadda Baba ya ce. Ga abin da na gani.

Dogon ƙarfen tsakiyar, a kowane kai akwai fin da aka dasa cikin roba. Robar ta gefen hagu ta zama gari, da farce na kankare ta tana zuba. Yaro na kaɗa sitiyari, fin ɗin na yawo a cikin ramin, ƙarfen bai ma san ana yi ba. Ta gefen akwati ta tsage amma da saura. Ɗaya hannun na hagu yana ɗagawa sama da ƙasa in na kama shi. Hannun akwatin kuma yana ɗan jinkiri, amma bai kai yadda na zata ba, in an raba wasan uku bai fi kashi ɗaya nasa ba.

Na buɗe murfin sama. Babu ɗigon mai. Wani ya taɓa cusa giris, ya bushe ya koma gefe ya yi tauri kamar sabulun solo, tsakiyar kwarmin kuwa ƙarfe ne tsirara yana ƙyalli. Fin ɗin ya cinye gefe biyu, ya yi fuska a inda yake gogar kwarmi. Na bi kwarmin da yatsa, santsi ne, sai wuri ɗaya can kusa da ƙarshe da na ji ɗan tsatsa. Ƙasan akwatin, inda wayoyin hon ke fitowa, duk ƙasa ta manne da tsohon mai.

Da na ɗaga ta a jak ma nauyin na nan. Kan giris na ƙafar dama ya toshe, famfo ya ƙi shiga.

Baba Direba:
Madalla. Ka ga da an ɗaura rak da an yar da akwati mai rai.

Mai Tantan:
Nauyin daga ƙafar nan yake. A ƙasan kowace ƙafa akwai gidan tagulla mai zare, a cikinsa ƙafar ke juyawa. In ya bushe, ko rak ɗin jirgin sama ka sa sai ka yi gumi. Kwance shi, wanke da kananzir, duba zaren da kyau. In zaren ƙafar ya cinye ko ya yi tsatsa mai zurfi kar ka mayar, nan ne ƙafa ke tsinkewa.

Giris a akwati kuwa, mutane na sa shi ne don mai na zuba. Fin ya share shi gefe sau ɗaya, ba ya dawowa. Canja sil ɗin ƙasa, matse notin da ke riƙe bututun hon, ka koma mai. In ya ƙi daina ɗiga, akwai giris mai ruwa-ruwa irin wanda ake zuba wa ƙwallon ƙafar Landuroba, shi yana kwarara ya koma.

Oga Walda Gujungu:
To na ji, akwati ya tsira. Fin ɗin kawo shi in ɗora masa walda in goge, ya dawo sabo. Hannun hagun ma in cike shi.

Malamin Fasaha:
Oga don girman Allah a'a. Fin ɗin ƙarfe ne da aka gasa ya yi tauri, wuta na taɓa shi ya yi laushi ko ya yi gautsi. In walda ta ɓalle a ciki, gutsuren zai shiga kwarmi ya kulle sitiyari ana cikin tafiya. Hannayen sitiyari ma ba a kai musu wuta. Da firas, injin matsi, ake turo fin a dasa sabo. Wasu kan juya tsohon kwata ɗaya ya kawo gefen da bai cinye ba, yana ɗan kai mutum, amma tunda za a yi odar robobin nan a haɗa da shi, ba shi da tsada kamar dunƙulen.

Jeren aikin: bushin ɗin shaft da sil, sai shim har sandar ta daina zamewa amma tana juyawa sakayau, sannan sukurun sama a ƙarshe. A cire tayarod, a sa sitiyari a tsakiya, a riƙa matsawa kaɗan-kaɗan har ka ji ɗan riƙo kaɗan daidai lokacin da yake wuce tsakiyar. Nan za ka tsaya ka kulle noti, ka sake gwadawa, domin kulle notin kan motsa sukurun. Akwai kuma murfi mai sifirin da ake sayarwa, yana danna fin a cikin kwarmi koyaushe. Wasu na yabonsa, wasu na cewa yana saurin cin kwarmi. Ni zan fara da murfin asali.

Kuma ka sani ko an gama ba za ta zama Corolla ba. Ƙafar TR3 a miƙe take tsaye, ba a kwantar da ita baya ba kamar na motocin da suka biyo, don haka sitiyarinta ba ya dawowa tsakiya da ƙarfi bayan kwana. Kar wani ya ce maka gyara ne bai yi ba.

Ɗan Kofar Ruwa:
Wace taya ke ƙafarta?

Jikan Mai Gyaɗa:
195 ce, ita muka samu a rim 15.

Ɗan Kofar Ruwa:
Ta yi faɗi. Asalinta siririya ce, 5.50-15, masu irinta yanzu 165 suke sawa. Irin girman da ake sa wa Bitil ne, zan tambaya maka a layin masu taya. Rabin nauyin da kake ji a tsaye zai tafi. Sannan leƙa ka gaya mini, sandar sitiyarin guda ɗaya ce tun daga sama har akwati, ko akwai mahaɗa a tsakiya?

Jikan Mai Gyaɗa:
Akwai mahaɗa da noti biyu a cikin ɗakin inji.

Ɗan Kofar Ruwa:
Ka huta. Masu sanda guda sai an kwance duk fuskar motar kafin akwati ya fito.

Injiniya Daga Dutse:
Wani abu da ba a taɓo ba: hannun dama. Jami'an kiyaye haɗurra ba sa ƙaunar ganin mota mai sitiyari a dama a kan titi. Kafin ka kashe kuɗi a kan akwatin dama, ka je ofishinsu da tsofaffin takardunta ka ji matsayinta. In juyawa za a yi, odar taka gaba ɗaya ta canja.

Baba Direba:
A juya ta a kai ta ina? Motar da iyakarta ƙauye zuwa Ringim ranar Sallah.

Injiniya Daga Dutse:
Ranar Sallar ce suka fi tsayawa a hanya, Baba.

Jikan Mai Gyaɗa:
Zan je in tambaya kafin in tura kuɗi. Robobi da bushin dai ko ta wane hannu ne sai an saye su. Oga, kana da abin zare hannun ƙasan akwatin? Ya kama ƙam, bakaniken nan namu guduma ya ɗauko na hana shi.

Oga Walda Gujungu:
Ina da fula mai ƙafa biyu. Ka jiƙa shi da man birki da kananzir tun yau, ka sassauta notin amma kar ka cire shi gaba ɗaya, don in ya saki da ƙarfi yake fita. Ka yi masa alama da fenti shi da shaft kafin a zare. Aiko yaro da babur gobe bayan azahar ya karɓa, amma jibi nake son abina, akwai wata Hilux da ke jira.